Lissafi da Ka, Waƙa a Baki: Kacici-kacicin Ƙidaya a Ajin Firamare

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin malaman wannan reshe ya gabatar a taron ƙarshen zango da aka yi a unguwar Gobarau, cikin birnin Katsina

 



Na gode da aka ba ni wannan dama, ko da yake na san a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka fi ni riƙe alli, suka kuma fi ni sanin lissafi. An nemi in yi magana a kan yadda za mu koya wa yara lissafi da ka, wato ba takarda ba fensir, ta hanyar kacici-kacici mai amsa-amo. Kafin in shiga ciki, ina so in fara da wani laifi da na yi, domin shi ne ya kawo ni ga wannan magana.

Shekarun baya ina riƙe da aji huɗu, akwai wata yarinya da na riga na yanke wa hukunci a zuciyata cewa kanta ba ya ja. Duk jarrabawar lissafi tana can ƙasa. Na yi faɗa, na yi tsawa, har na gaji na ƙyale ta. Wata rana da la'asar na ci karo da ita tana tallar gyaɗa. Na ɗauki ƙulli uku, kowanne naira saba'in, na miƙa mata ɗari biyar. Ban gama mayar da hannu aljihu ba ta ce, "Malam, canjinka ɗari uku ba goma." Ta ƙirgo ɗari biyu da casa'in ta ba ni. Da gari ya waye na rubuta a kan allo: 500 a ɗebe 210. Na kira ta. Ta daɗe tana kallon allon, hannunta na rawa, sannan ta rubuta 310.

Ku duba da kyau, 'yan'uwa. Tambaya ɗaya ce, yarinya ɗaya ce, tsakanin amsar farko da ta biyu kwana ɗaya ne tak. Na ja ta gefe na ce, "Jiya yaya kika yi?" Ta ce, "Malam, daga ɗari biyu da goma zuwa ɗari biyu da hamsin arba'in ne, daga nan zuwa ɗari biyar kuma ɗari biyu da hamsin." Ashe tana da hanya, hanya mai kyau kuwa, ni ne ban taɓa tambayarta ba. A kan allo kuwa abin da ta riƙe shi ne ana cire ƙarami daga babba, sai ta bi kowane layi ta yi hakan, ba tare da ta ga cewa waɗannan lambobi kuɗin gyaɗarta ne ba. Ba ta kai aji shida ba aka cire ta, domin iyayenta sun ga sakamakon da ni na rubuta da hannuna, suka ce ba ta da rabo a boko. Har yau abin yana ci mini rai.

Daga baya na gane ba a Katsina kaɗai ake haka ba. A shekarar 1985 wasu masana uku, Carraher da Carraher da Schliemann, suka wallafa binciken da suka yi a birnin Recife na ƙasar Brazil a kan yara masu talla. A bakin sana'a yaran sun amsa kusan duk tambayoyin ciniki daidai. Da aka ba su lissafin iri ɗaya a rubuce, lambobi tsirara ba labari, ko rabi ba su ci ba. Wannan ya nuna mana cewa yaro yana zuwa makaranta da lissafi a kansa. Aikinmu shi ne mu gina masa gada daga lissafin da ya zo da shi zuwa wanda muke so ya koya. Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina gwadawa, shi ne kacici-kacici mai amsa-amo yana cikin gadoji mafi sauƙi da araha da muke da su.

Kada wani ya ɗauka baƙon abu na kawo. Ku ɗaga kai ku dubi hasumiyar nan da muke zaune a inuwarta. Tarihin da muka gada ya danganta ginin masallacin Gobarau da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma nan ne cibiyar karatu ta birnin nan tun kafin a san za a yi wani abu wai shi boko. Garin da ya fitar da Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani shi ne kuma ya fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari. Ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, a shekarar 1732 ya rubuta littafi a kan yadda ake gina hatimin lambobi, wato gidajen da in ka tara kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. Ya rasu a can a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Har yau masu nazarin tarihin lissafi a duniya suna ambaton sunansa. Yaranmu nawa ne suka taɓa jin sunan nan a ajin lissafi?

Haɗa lissafi da waƙa ma tsohuwar al'ada ce ta masu ilimi. A Indiya, Bhaskara ya rubuta Lilavati a shekarar 1150, littafin lissafi ne sukutum, amma tambayoyinsa a waƙe suke. A Maroko, Ibn al-Yasamin, wanda ya rasu a 1204, ya tsara ƙa'idojin aljabara cikin gajeren waƙe da ɗalibai suka yi ta haddacewa ɗaruruwan shekaru. A zaurukanmu na nan gida, wanda ya karanci ilimin rabon gado ya san Rahbiyya, waƙe ne da ke ɗauke da rabi da rubu'i da sumuni, da sulusani da sulusi da sudusi. Haka nan malaman jihadi, irin su Nana Asma'u, sukan rufe waƙoƙinsu da ramzi, su ɓoye shekarar da aka yi waƙar cikin haruffa. A hisabin da muka gada daga Magrib harafin shin dubu ne, ra kuma ɗari biyu, sai mai karatu ya tara sauran ya fitar da shekara da kansa. Wannan in ba kacici-kacicin lissafi ba ne, mene ne?

A kasuwa ma haka. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratso ta Tasawa ya iso Katsina a 1851, ya kuma ba da labarin yadda ake ƙirga wuri biyar-biyar da yatsu a tara shi kashi-kashi. Kakanninmu suna da hauya, suna da zangu, suna da metan da arbaminya da hamsaminya, har zuwa keso mai wuri dubu ashirin. Mutumin da zai sayi doki da wuri, ba shi da takarda ba shi da na'ura, dole kansa ya yi aiki. Harshenmu ma kansa yana ɗauke da dabara. Bahaushe ba ya cewa goma sha tara kaɗai, yakan ce ashirin ba ɗaya. Yakan ce ɗari ba biyu, ko metan gaira goma. Wannan ita ce babbar dabarar lissafi da ka: ka haura zuwa cikakkiyar lamba, sannan ka rage abin da ka ƙara. Wasu al'ummu sai an koya musu ita a aji. Mu kuwa da ita muka tashi a baki, sai muka ajiye ta a ƙofar makaranta tare da takalma.

To, bari mu gwada, domin gani ya kori ji. Ina roƙon kowa ya ajiye biro, ya kuma mayar da waya aljihu. Ga na farko, na 'yan aji ɗaya da biyu:

Kaka ta fita da sanyin safiya,
Ta tsinci goruba bakwai gindin bishiya,
Ta ƙara shida a bakin rijiya,
Uku a gona, huɗu a kan hanya.
Goruba nawa ke cikin ƙwarya?

Na ji an ce ashirin, haka ne. Amma amsar ba ita ce darasin ba. Wani yaro zai bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsu, ya ce bakwai da shida sha uku, da uku sha shida, da huɗu ashirin. Wani kuma zai hango cewa bakwai da uku goma ne, shida da huɗu ma goma ne, goma biyu ashirin. Da gangan na raba bakwai da ukunta, na raba shida da huɗunta, don yaro ya nemo wa kowace lamba abokiyarta. Ranar da yaro ya san abokan goma kamar yadda ya san sunayen ƙannensa, rabin wahalar tarawa da ɗebewa ta ƙare.

Ga na biyu, na 'yan aji huɗu:

Direba ya yi lodi zuwa Jibiya,
Fasinja ashirin ne ba ɗaya,
Kowannensu ɗari biyar zai biya.
Nawa ya tara kafin ya juya?

Na san kuɗin motar ya wuce haka yanzu, a yi mini afuwa, waƙar ta kwana biyu. In ka rubuta wa yaro 19 sau 500 a kan allo, sai ya fara jera sifiri yana zufa. Amma da ya ji "ashirin ba ɗaya", harshen ya riga ya nuna masa hanya: ashirin sau ɗari biyar dubu goma, a cire kuɗin mutum ɗaya, saura dubu tara da ɗari biyar. Bayan ya gane wannan, sai ka ba shi 29, ka ba shi 48, ka ba shi 99, ka ga yadda zai riƙa tsallake su.

Na uku na 'yan aji biyar da shida ne, a kan kashi-kashi, inda yara da yawa ke zubewa:

Buhun gero tiya arba'in,
An ba maƙwabci rubu'in,
An kai wa gwaggo humusin,
An ware wa almajirai ushirin.
Me ya rage? Ba ni lissafin.

Rubu'in arba'in goma ne, humusinsa takwas, ushirinsa huɗu. An fitar da ashirin da biyu, saura goma sha takwas, ko mu ce ashirin ba biyu. Ku lura da kalmomin. Yaron da ya tashi a gidan manomi ya taɓa jin ushiri lokacin fitar da zakkar hatsi. Wanda ya zauna kusa da masu rabon gado ya ji sumuni da sudusi. Kalmomin suna nan a gida, a masallaci, a kasuwa. In muka shigo da su aji, sai yaro ya ga ashe layin nan da ke tsakanin lamba ta sama da ta ƙasa ba wani dodo ba ne.

Na huɗu ba ya buƙatar lissafi mai yawa, tunani yake so:

Na leƙa turke a gidan Baba,
Kaji da awaki suna zaune ba gaba,
Kawuna goma na ƙirga, ban raba ba,
Ƙafafu ashirin da shida na duba.
Awaki nawa ne? Kada ka ce ba ka sani ba.

Irin wannan tambaya ta kawuna da ƙafafu tsohuwa ce ƙwarai, tana cikin littattafan lissafin ƙasar Sin tun fiye da shekara dubu da suka wuce. Wani yaro ɗan aji biyar ya taɓa warware mini ita da cewa, "Malam, a ce duk awakin su miƙe tsaye da ƙafa biyu." In kowa ya tsaya da ƙafa biyu, kawuna goma ƙafa ashirin ke nan a ƙasa. Saura shida a sama. Kowace akuya ta ɗaga biyu, ashe awaki uku ne, kaji bakwai. Yaron nan aljabara ya yi, shekara biyu kafin a gaya masa sunanta.

Na biyar zan faɗa yanzu, amma ku riƙe amsarku sai ƙarshen jawabi:

Kwaɗo ya faɗa rijiya gaba goma,
Da rana ya hau uku da himma,
Da dare ya zame biyu ya koma.
A rana ta nawa zai ga kansa a sama?

Mai tambaya zai ce, me amsa-amon ya ƙara? Me zai hana a faɗi tambayar da magana kawai? Dalili na farko shi ne riƙewa. Lissafi da ka yana buƙatar yaro ya riƙe lambobi a zuciyarsa yayin da yake juya su, kuma abin da aka rera ya fi zama a ka fiye da abin da aka faɗa. Duk wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya shaida ne. Dalili na biyu shi ne littattafai. Da yawa daga cikinmu muna koyar da ajin da yaransa suka haura ɗari, littafi ɗaya yara biyar ko fiye ke leƙe. Baitin da aka haddace kuwa littafi ne da kowa ya samu nasa, ba ya yagewa, ruwa ba ya jiƙa shi, gara ba ta ci. Dalili na uku shi ne tsoro. Yaron da ya ji an ce "a fito da littafin lissafi" gabansa ya faɗi, shi ne dai zai miƙa wuya in ya ji an ce "kacici-kacici", domin a wurinsa wannan wasan dandali ne, kuma ba a dukan wanda ya kasa a dandali. Dalili na huɗu shi ne gida. Uwar da ba ta yi boko ba ba za ta iya duba aikin gida ba, amma in ɗanta ya rera mata baitin buhun gero, wataƙila ita za ta riga shi amsawa, kuma daga ranar ta shiga cikin karatun ɗanta.

Yadda nake yi a aji ba shi da wuya. Minti goma na farkon darasi nake ɗauka. A rufe littattafai, a ajiye fensir. In rera baitin sau biyu, yara su maimaita sau ɗaya. Daga nan sai shiru na ɗan lokaci, kuma ba a ɗaga hannu sama, domin da zarar masu sauri sun fara "Ni, Malam! Ni, Malam!" sauran sun daina tunani. Wanda ya samu amsa sai ya ɗora babban yatsansa a ƙirji, ni kaɗai nake gani. In yatsu sun yi yawa sai in karɓi amsoshi uku ko huɗu in rubuta su duka a allo, daidai da kuskure, ban nuna wadda ta fi ba. Sannan in yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda ban yi wa yarinyar nan mai gyaɗa ba sai da lokaci ya ƙure: "Yaya ka yi?" Yara uku su faɗi hanyoyi uku. Sau da yawa mai kuskure da kansa yake gano inda ya karkace tun bai gama bayani ba. A ƙarshe sai in rubuta lissafin da lambobi da alamomi, in faɗi sunayensu da Hausa da Turanci, don yaro ya ga cewa abin da ke kan allo shi ne abin da ya gama yi da kansa.

In kuwa duk ajin ya kasa, sai mu bi al'adar kacici-kacici, su ba ni gari. Wani ya ce ya ba ni Daura, in ce ban karɓa ba sai ya faɗi abin da aka san Daura da shi. Wani ya ba ni Funtuwa, wani Malumfashi, wani Dutsinma. Ta haka darasin sanin ƙasa ma ya samu shiga ba tare da ya yi sallama ba. Ranar Juma'a kuma nakan ba su guda su kai gida, ranar Litinin kowa ya zo da amsa da sunan wanda ya taya shi. An sha kawo mini amsar kaka, da ta mahauci, da ta mai shayi.

Amma kowace hanya tana da ramukanta, kuma rashin adalci ne in ɓoye muku su. Na farko, yaro zai iya haddace baiti da amsarsa kamar aku, bai fahimci komai ba. Maganin wannan shi ne a riƙa sauya lambobi: goruba bakwai ta zama takwas, shida ta zama biyar, a ga ko zai sake nemo abokan goma. Na biyu, kacici-kacici ba ya maye gurbin lissafin takarda. Jarrabawar shiga sakandare a rubuce take, da Turanci kuma, saboda haka minti goman nan ƙofa ce, ba ita ce ɗakin ba. Na uku, kada daɗin waƙa ya sa mu karya lissafi. A fara daidaita lambobi, a tabbatar amsa ɗaya ce tak, sannan a nemo amsa-amo. Na huɗu, kada a sa sunan wani yaro na cikin aji a baitin da zai zama abin tsokana, kada kuma a taɓa wata sana'a ko wata ƙabila da ba'a. Abin da aka rera ba ya gogewa, alherinsa ke nan, haɗarinsa kuma ke nan.

Akwai kuma masu cewa amfani da Hausa zai hana yaro Turanci. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Tun 1970 marigayi Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ife, inda aka koyar da yara duk shekaru shida na firamare da Yarabanci, Turanci kuma a matsayin darasi, kuma yaran ba su koma baya ba. A nan jiharmu ma, waɗanda suka yi aiki da shirin RANA, wanda aka gudanar a Katsina da Zamfara, sun ga yadda yara ke buɗe baki in aka karanta musu labarin ƙidaya da Hausa. Manufofi sukan sauya daga gwamnati zuwa gwamnati, wannan ba a hannunmu yake ba. Abin da ba ya sauyawa shi ne yaro da harshen da yake mafarki da shi yake ƙirga canji. A bar shi ya gane da wannan harshe, sannan a ba shi sunan abin da Turanci, sai sunan ya samu wurin zama.

Yanzu na zo ga roƙona, wanda shi ne dalilin tsayuwata a gabanku. In ka zaga shagunan littattafai za ka samu na yara da Turanci masu irin waɗannan baitoci, cike da 'ya'yan itacen da yaranmu ba su taɓa gani ba da dusar ƙanƙara. In an fassara su, amsa-amon ya mutu, in an bar su, yaro bai ji ba. Namu kuwa ba wanda zai zo daga wata uwa duniya ya rubuta mana. Da ɗan gari akan ci gari. A cikin ɗakin nan akwai malaman Hausa da suka san kari da amsa-amo, akwai malaman lissafi da suka san inda yara ke tuntuɓe, akwai malaman Arabiyya da suka san hisabi. Sai dai ba kasafai suke zama a benci ɗaya ba.

Ina ba da shawara reshen nan ya kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar ko shida. Kowace makaranta ta riƙa aiko da baiti biyar a kowane zango, wanda aka riga aka gwada a aji, a rubuta ajin da ya dace da shi da dabarar da yake koyarwa. In makarantu ashirin kaɗai suka amsa kira, a zango uku nawa ke nan? Madalla, ɗari uku, kuma ban ga wanda ya taɓa waya ba. A tace su, a riƙa buga biyu ko uku a kowace fitowar wannan mujalla tamu, a ƙarshen shekara a zaɓi ɗari mafi kyau a yi ɗan littafi. In ya kammala sai mu kai wa Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha, mu kai wa malaman Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Katsina da ta Isa Kaita da ke Dutsinma, su duba su gyara, su kuma nuna wa ɗalibansu masu shirin shiga aikinmu. A shafin ƙarshe ina so a sa hatimin gida tara, mai huɗu da tara da biyu a sama, uku da biyar da bakwai a tsakiya, takwas da ɗaya da shida a ƙasa, wanda kowane layinsa goma sha biyar ne, a rubuta sunan al-Katsinawi a ƙarƙashinsa. Lissafin ne muke so yaro ya gani, ya kuma san cewa ɗan garinsu ya yi fice a wannan fage.

Na san halin da muke ciki. Na san maganar albashi da ƙarin girma da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya, kuma ba na cewa a sassauta neman su ko da taƙi ɗaya. Don su aka kafa ƙungiyar malamai ta ƙasa tun 1931, don su Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa ta malaman Arewa a 1948. Amma ƙungiyar da ta riƙe takardar koke a hannun dama, ta kuma riƙe littafin da 'ya'yanta suka rubuta a hannun hagu, maganarta ta fi nauyi a kowane teburi. Wannan aiki ba ya jiran kasafin kuɗi, ba ya jiran kwangila. Alli da baki da minti goma kawai yake nema.

Iyayenmu da ke nan, ku ma akwai naku. In yaro ya zo da baiti ranar Juma'a, kada a ce masa "tafi ka ba ni wuri". A saurare shi. In an aike shi sayen mai ko gishiri, a tambaye shi canji nawa zai dawo da shi tun bai fita ba. In kuna dara a ƙofar gida, a bar shi ya ƙirga gidaje. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saura kwaɗonmu da muka bari a rijiya. Su wa suka ce rana ta goma? Na ga hannuwa da yawa, har da na wasu shugabannin makarantu, Allah ya ba ku haƙuri. Gaskiya ne kullum gaba ɗaya yake ci, saboda haka bayan kwana bakwai yana kan gaba bakwai. Amma a rana ta takwas, da ya hau uku ya kai goma, ya fito, ba sauran zamewa. Amsa ita ce rana ta takwas. Wanda ya yi sauri ya faɗi, wanda ya tsaya ya bi kwaɗon rana-rana ya ci. In mu manya mun ji daɗin wannan faɗuwa har muna dariya, ku yi tunanin yadda yaro ɗan shekara tara zai ji ranar da ya kai wa babansa ita gida, baban ya ce goma.

Allah ya sa wa aikinmu albarka, ya shirya mana zuriya, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya.